Maganin ne ko ciwon ne? Amsoshin wasiƙunku kan lalurar baifola da illolin magungunanta

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a wuri guda suka haɗu, wato lalurar ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira baifola, wadda kan ɗaga mutum sama har barci ya ƙaurace masa ya riƙa jin babu abin da ya fi ƙarfinsa, sannan ta sauko da shi cikin damuwar da ko tashi daga shimfiɗa sai ya gagare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kimanin mutum miliyan 40 ne ke ɗauke da ita. Na taƙaita wasiƙun, na kuma cire duk abin da zai sa a gane masu su. Amsoshina ba za su tsaya a madadin likitan da ya ga mutum ido da ido ba, amma za su nuna wa mai tambaya abin da zai faɗa idan ya zauna gaban likita, da kuma abin da bai cancanci ya zuba kuɗinsa a kai ba.

Tambaya: Shekara uku ke nan ina fama da ciwon damuwa. Bara aka ɗora ni a kan fuluwoksetin, sai bayan mako uku na daina barci. Na yi kwana goma ina kwanciyar awa biyu kacal ba tare da na ji gajiya ba, na riƙa surutu ba tsayawa, na kuma ƙarar da abin da na daɗe ina tarawa wajen sayen kayan da har yau ban buɗe wasu ba. Likita ya tsayar da maganin, ya ce baifola ce gare ni. Maigidana bai yarda ba, ya ce maganin ne ya birkita ni, yana so mu biya a ɗauki hoton ƙwaƙwalwata a tabbatar. Mu biya?

Amsa: 'Yar'uwa, idan don a tabbatar da baifola ne kaɗai, kada ku biya. Har yau babu hoton ƙwaƙwalwa, babu gwajin jini, babu kuma gwajin ƙwayoyin gado da zai iya cewa wannan na da baifola, wancan ba shi da ita. Za a ɗauki hoton, ya fito lafiya lau, maigidanki ya ce ai ga shi nan ya faɗa, alhali hoton mai baifola ma haka yake fitowa. Da labarin rayuwar mutum ake gano wannan lalura, wato abin da ya faru da shi, da tsawon lokacin da ya ɗauka, da abin da ya gabace shi.

Ma'aunin da likitocin ƙwaƙwalwa ke aiki da shi a fayyace yake. Babban tashi, wanda suke kira maniya, sai ya kai mako guda yana mamaye mafi yawan yini kusan kullum, ko kuma ya yi tsananin da dole a kwantar da mutum a asibiti, kuma a cikinsa ake samun raguwar buƙatar barci, da yawan magana, da tunani mai tsere, da jin kai ya kai wani matsayi, da kutsawa cikin abin da zai jawo asara. Ƙaramin tashi kuwa kwana huɗu ya isa, kuma ba ya rushe harkokin mutum gaba ɗaya. Faɗuwar damuwa ana lissafa ta ne daga mako biyu. Wanda ya taɓa yin babban tashi ko da sau ɗaya ne, shi ake ce wa mai nau'i na ɗaya. Wanda ke yin ƙaramin tashi da damuwa mai zurfi, shi ne mai nau'i na biyu. Kwana gomanki, da barcin awa biyu, da kuɗin da suka tafi, sun shiga ma'aunin farko.

Sai dai maganar maigidanki ba ta banza ba ce, kuma ina so ki faɗa masa na ce haka. Magungunan damuwa suna iya tayar da maniya, musamman idan an ba da su su kaɗai ba tare da maganin da ke daidaita yanayi ba. Abin tambaya shi ne, maganin ne ya ƙirƙiri abin, ko kuwa ya tone abin da ke binne ne? Littafin ƙa'idojin gano cututtukan ƙwaƙwalwa na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, a bugunsa na biyar na shekarar 2013, ya raba gardamar kamar haka: idan tashin ya lafa da zarar ƙarfin maganin ya bar jiki, to illar magani ce, idan kuwa ya ci gaba da cikakken ƙarfinsa bayan lokacin da ya kamata a ce maganin ya fita, to ana lissafa shi a matsayin baifola. A nan ne naki al'amarin ya ɗan yi sarƙaƙiya, domin fuluwoksetin, wanda mutane da yawa suka sani da sunan Prozac, yana cikin magungunan da suka fi daɗewa a jiki. Ragowarsa kan kai kusan mako biyar kafin ta gama fita. Saboda haka ranar da kika sha ƙwaya ta ƙarshe da ranar da barcinki ya dawo daidai, su ne ranaku biyu mafiya muhimmanci a cikin labarinki, kuma babu ɗaya daga cikinsu a wasiƙarki.

Akwai wani bambanci da ya kamata ki auna da kanki. Maganin damuwa yakan sa wasu rashin natsuwa da rashin barci a makonnin farko, amma mai wannan matsalar yana son barcin, yana juyi a kan gado, gari ya waye masa a gajiye yana jin haushi. Mai maniya ba ya neman barcin ma. Ƙarfe uku na dare yana share ɗaki ko yana tsara sana'ar da zai buɗe, da safe kuma garau yake. Yadda kika bayyana naki, ya fi kama da na biyun.

Ga abin da zan so ki saya maimakon hoton: littafin rubutu guda ɗaya. Ki buɗe shafi biyu, ki ja layi a kwance tun daga shekarunki na budurci har zuwa yau, ki sa alamar kowace shekara. Duk lokacin da kika faɗa damuwa ki zana kwari a ƙasan layin, duk lokacin da kika taɓa jin ƙarfi da kuzarin da ya wuce na al'adarki na wasu kwanaki ki zana tudu a samansa, a ƙarƙashi kuma ki rubuta kowane magani da kika sha a lokacin da haihuwar da kika yi. Kada ki yi wannan aiki ke kaɗai. Ƙaramin tashi daɗi gare shi, babu mai zuwa asibiti ya ce a taimake shi ya cika jin daɗi, shi ya sa masu baifola da yawa kan shafe shekaru ana yi musu maganin damuwa zalla kafin a gane. Mahaifiyarki ko yayarki za su tuna makon da kika taɓa hana gidan barci da hira, wanda ke a wurinki lafiya ce kawai. Ki tambaye su kuma ko akwai mai irin wannan a dangi, domin lalurar tana bin jini sosai. Idan aka sami tudu ko ɗaya kafin ki taɓa shan fuluwoksetin, gardama ta ƙare.

A cikin jerin magungunan kada ki manta da waɗanda ba na ƙwaƙwalwa ba. Firednisolon da dekzametason, waɗanda ake bayarwa don asma da kumburi, sanannu ne wajen tayar da irin wannan hali, haka ma wasu magungunan ciwon karkarwa na Fakinsin, da taramol, da miyagun ƙwayoyi masu zaburarwa irin su hodar iblis. Ƙullutun nan na gaban wuya da ake kira tayirod, idan ya yi aiki fiye da ƙima, yakan kawo rashin barci da zumuɗi da bugun zuciya. Gwajin jininsa ya cancanci kuɗinki. Hoton ƙwaƙwalwa yana da nasa wurin, wato idan tashin farko ya zo wa mutum bayan ya manyanta, ko ya haɗu da farfaɗiya, ko shanyewar wani sashe na jiki, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko bayan buguwa a ka. Idan har zuciyar maigidanki ba ta kwanta ba, ku kai kuɗin wurin wani likitan ƙwaƙwalwa na biyu, ku tafi tare da littafin, maigidan naki ma ya faɗi abin da ya gani da idonsa a kwana goman nan. Tambayoyin gwada kai da ke yawo a intanet kuwa, iyakarsu su ce wa mutum ya je ya ga likita, ke kuma kin riga kin je.

Ko da an ƙare a kan cewa illar magani ce, kada ki sake karɓar maganin damuwa daga hannun kowa ba tare da kin ba shi wannan labarin ba.

Tambaya: Wata takwas ina shan litiyam kuma na samu sauƙi ƙwarai, sai dai hannuna na rawa idan na ɗauki kofi, ga ƙishirwa da yawan fitsari. Kwanan nan bayana ya riƙe, na sayi ibufurofen a kemis ina sha sau uku a rana. Kuma litiyam ɗin da na saba saye ya yanke, an ce in karɓi na wani kamfani tunda duk litiyam ne. Ina shawara?

Amsa: Malam, zan fara da abin da ka ɗauka ƙarami, domin shi ne mai haɗarin. Ka ajiye ibufurofen ɗin nan yau, ka kuma nemi a auna maka litiyam a jini cikin kwanakin nan, kada ka jira ranar da aka sa maka.

Dalili kuwa shi ne, litiyam ba hanta ke sarrafa shi ba, ƙoda ce ke fitar da shi ta fitsari yadda ya shiga. Ibufurofen da danginsa, irin su dikulofenak da nafuroksen, waɗanda za ka gani a kwali da sunaye kamar Brufen da Voltaren, suna rage jinin da ke ratsa ƙoda, sai litiyam ya riƙa taruwa alhali adadin ƙwayar da kake sha bai canja ba. Tazarar da ke tsakanin awon da ke warkarwa da wanda ke cutarwa kuma ƙanƙanuwa ce. Yawanci ana so ya tsaya tsakanin 0.6 da 0.8 na milimol a kowace lita ta jini, wasu a ɗan ɗaga musu zuwa 1.0, amma daga 1.5 zuwa sama an shiga yankin guba. Ka ga ninki biyu kawai ya raba lafiya da asibiti. Wasu magungunan hawan jini ma haka suke yi, musamman masu sa fitsari na rukunin tayazayid, da irin su lisinofiril da losatan. Don ciwon baya ko ciwon kai, farasitamol ne abokin tafiyarka. Ka kuma riƙa duba bayan kwalin magungunan mura da na ciwon jiki masu haɗe-haɗe, domin sau da yawa ibufurofen na ɓoye a cikinsu.

Rawar hannu 'yar siririya, da ƙishirwa, da yawan fitsari, da ɗanɗanon ƙarfe a baki, illoli ne da aka saba gani, kuma ba su nufin guba. Akan rage su ta hanyar sauke awon kaɗan, ko mayar da shan maganin sau ɗaya da dare, wani lokaci kuma likita ya ƙara furofanolol saboda rawar hannun. Alamomin guba daban suke: rawar ta zama babba har abu ya riƙa suɓucewa daga hannu, amai da gudawa, tangaɗi kamar mai maye, harshe ya yi nauyi, gani ya dushe, barci ya yi yawa, tunani ya rikice. Wanda ya ga waɗannan ya dakatar da ƙwayar nan take ya tafi sashen gaggawa, kuma wannan ne kaɗai halin da zan ce wa mai shan litiyam ya tsaya ba tare da ya jira likitansa ba. Ka karanta wa mutanen gidanka wannan jerin, saboda wanda gubar ta kama shi ne na ƙarshe da zai lura.

Ƙoda tana ɗaukar litiyam kamar ɗan'uwan gishiri ne. Duk lokacin da jiki ya rasa ruwa ko gishiri, ta zazzaɓi ko gudawa ko gumi mai yawa, sai ta riƙe gishirin ta haɗa da litiyam ta riƙe. Saboda haka kada ka ƙi shan ruwa don gudun fitsari, kada kuma ka yanke gishiri farat ɗaya don wani ya ce yana da kyau ga lafiya. Tarihin maganin kansa ya koyar da wannan darasi da tsada. A shekarun 1940 an sayar da wani nau'in litiyam a Amurka a matsayin madadin gishiri ga masu ciwon zuciya, mutane suka yi ta barbaɗawa ba awo, wasu suka mutu, aka janye shi a 1949. A wannan shekarar ce kuma John Cade, wani likitan ƙwaƙwalwa a Ostireliya, ya wallafa yadda litiyam ya kwantar da maniyar marasa lafiyarsa, amma tsoron da aka riga aka ji ya taimaka wajen sa Amurka ba ta amince da shi a hukumance ba sai 1970. Abin da ya raba guba da magani a tsakanin nan shi ne gwajin jini.

Don haka idan za ka tsara kuɗin jinyarka, ka sa gwaji a layi ɗaya da ƙwayar, ba a matsayin ƙari ba. Ana ɗibar jinin ne awa 12 bayan shan ƙarshe; idan da ƙarfe tara na dare kake sha, ƙarfe tara na safe za a ɗiba, kuma idan kana da ƙwayar safe sai bayan an ɗiba za ka sha, in ba haka ba sakamakon zai yaudari likita. A shekarar farko akan auna duk wata uku, a kuma duba ƙoda da tayirod da sinadarin kalsiyam duk wata shida, domin shekaru na shan litiyam suna iya rage aikin tayirod, su kuma taɓa ƙoda a hankali ba tare da mutum ya ji komai ba.

Batun canjin kamfani, wanda ya ce maka duk litiyam ne ya faɗi rabin gaskiya. Akwai mai narkewa nan da nan, akwai mai saki a hankali, akwai kuma na ruwa wanda lissafin awonsa daban ne, kuma Priadel da Camcolit, sunaye biyu da ake sayar da litiyam da su, alal misali, ba a musanya su kai tsaye kamar abu ɗaya. Idan naka ya yanke, karɓar wani ya fi zama babu, amma da sanin likita, a kuma auna jini bayan kamar mako guda. Abin da ba zan so ka yi ba shi ne ka bari rawar hannu ta sa ka watsar da maganin. Tsayar da litiyam farat ɗaya yana dawo da ciwon da sauri, sau da yawa cikin 'yan watanni, kuma shi ne maganin da aka fi samun hujjar cewa yana rage haɗarin mutum ya kashe kansa. In ma za a daina, a hankali ake saukewa, aƙalla cikin mako huɗu, gwamma ma a kai wata uku.

Tambaya: Matata tana shan balfurowet shekara huɗu, kuma tun da ta fara ba ta sake kwanciya asibiti ba. Yanzu muna son haihuwa. Wata ƙawarta ta ce ta sayi folik asid ta riƙa haɗawa, shi ke nan. Haka ne?

Amsa: Ba haka ba ne, Malam, kuma na ji daɗi da ka tambaya kafin cikin ya shiga. Balfurowet, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Epilim da Depakote, shi ne mafi haɗari ga ɗan tayi a duk magungunan wannan lalura. A cikin jarirai 100 na sauran mata, 2 zuwa 3 ne ake haifa da wata naƙasa; a cikin na matan da suka sha balfurowet da ciki, adadin ya kai kimanin 10, ciki har da rashin rufewar ƙashin baya. Bayan wannan, tsakanin 30 da 40 cikin 100 na yaran kan sami matsalar girman ƙwaƙwalwa, kamar jinkirin magana da tafiya da wahalar koyo. Folik asid yana da amfani ga duk mai shirin ɗaukar ciki, amma ba ya kawar da wannan haɗarin. Shi ya sa tun 2018 hukumomin magunguna na Turai suka hana ba da shi ga mai ciki saboda baifola, suka kuma sharɗanta cewa macen da za ta iya ɗaukar ciki ba za ta sha ba sai tana kan ingantacciyar hanyar hana ɗaukarsa.

Lokaci shi ne kan gaba a nan. Bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da lakar ɗan tayi yana rufewa ne cikin kimanin kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar da ɓatan wata ba. Canja magani bayan gwaji ya nuna ciki ya zama ihu bayan hari. Ku ci gaba da tsarin hana ɗaukar ciki, ku je wurin likitanta tare, ku ba shi watanni ya sauke wannan a hankali ya ɗora ta a kan wani, ya kuma ga ta zauna daram a kansa. Akwai zaɓi: lamotirijin, ko kwetiyafin, ko olanzafin, ko ma litiyam da sa ido na musamman, kowanne da nasa lissafin. Kabamazefin ba mafita ba ce, domin shi ma yana da haɗari ga ɗan tayi, ga shi kuma yana raunana ƙwayoyin tsarin iyali da ashanar da ake sawa a dantse.

Kada kuma tsoro ya sa ta zubar da maganin gobe ta zauna haka. Makonnin farko bayan haihuwa suna cikin lokutan da ciwon ya fi dawowa da ƙarfi ga mace mai baifola, kuma rashin barcin jego na ƙara rura shi. Tun yanzu ku tsara wanda zai riƙa karɓar jaririn da dare don ta sami barci mai tsawo. Wannan aikin naka ne kafin ya zama na kowa.

Tambaya: Tun da aka sa ni a kan olanzafin na ƙara kilo tara cikin wata huɗu. Na ga ana tallar shayin rage ƙiba a Facebook. In saya?

Amsa: Kada ki saya, ƙanwata. Yawancin irin wannan shayi maganin sa gudawa ne ko na sa fitsari, ruwa yake zubarwa ba kitse ba, kuma hukumomi sun sha kama kayan rage ƙiba da aka cusa wa sibutiramin a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki. Ga mai baifola kuma duk abin da ke zaburarwa ya hana barci ƙofa ce ta maniya.

Ƙibar ba laifinki ba ce. Olanzafin yana buɗe ciki ya kuma canja yadda jiki ke sarrafa sukari da kitse, kuma kilo tara a wata huɗu dalili ne isasshe na komawa wurin likita yanzu. Ki nemi a auna sukari da kitsen jini, ki tambaye shi ko zai ƙara miki metfomin, wanda ake amfani da shi don rage irin wannan ƙibar, ko ya mayar da ke kan wanda bai kai shi sa nauyi ba, kamar arififirazol. Shi ma ba kyauta yake zuwa ba: yakan sa wasu jin ba za su iya zama wuri ɗaya ba, kuma a 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa yana iya jawo sha'awar caca ko sayayya marar kan gado ga wasu ƙalilan, abin da ake iya ɗauka dawowar ciwon ne alhali maganin ne. Idan kina son sayen wani abu, ki sayi sikelin awo, ki hau sau ɗaya a mako da safe, ki rubuta.

Tambaya: Ɗana ɗalibi ne, yana shan lamotirijin miligiram 200. Ya yi tafiya ya manta da maganin har kwana tara. Yanzu ya dawo, yana so ya ci gaba daga inda ya tsaya, ko kuma ya koma wani litiyam na ƙarin kuzari da ya gani a intanet wanda aka ce na halitta ne, ba ya buƙatar gwajin jini.

Amsa: Hajiya, ki hana shi duka biyun. Wancan da ya gani, litiyam orotet ake kiransa, ana sayar da shi a matsayin ƙarin sinadari ba magani ba, ƙwayarsa ba ta wuce 'yan miligiram na litiyam ba, alhali ƙwayar asibiti mai miligiram 300 tana ɗauke da kusan 56 na zallarsa. Ba a gwada shi a manyan bincike kan baifola ba, kuma wanda ya yi ta ƙara yawansa don ya ji aiki, ƙodarsa ba ta san kalmar halitta ba. Haka nan ganyen da ake kira St John's wort, da ake tallatawa don damuwa, yana iya tayar da maniya ya kuma raunana wasu magunguna.

Komawa kan 200 kai tsaye kuwa shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki. Lamotirijin, wanda aka sani da Lamictal, yana da sauƙin illoli, ba ya cika sa ƙiba ko kasala, kuma ya fi ƙarfi wajen tare faɗuwar damuwa. Aibinsa guda ne, wato wasu ƙuraje masu haɗari da kan saɓule fata su kama baki da ido, waɗanda ba su da yawa amma suna iya kisa, kuma sun fi fitowa a mako takwas na farko, musamman idan an hau awon da gaggawa. Shi ya sa ake farawa da 25 na mako biyu, sannan 50 na mako biyu, a ci gaba a hankali, a kuma rage wannan zuwa rabi ga wanda ke haɗawa da balfurowet. Idan mutum ya yi kamar kwana biyar bai sha ba, jiki ya manta sabon da ya yi, sai an koma matakin farko. Kwana tara ya wuce wannan iyaka. Ya kira likitansa a rubuta masa ƙananan ƙwayoyi na sake farawa, ya ajiye manyan har ya iso gare su, kuma duk ƙurjin da ya fito masa a makonnin nan, balle in da zazzaɓi ko gyambon baki ko jan ido, a kai shi asibiti a ranar.

Tunda zai yi makonni kafin maganin ya koma ƙarfinsa, ki sa ido a kan barcinsa da yanayinsa a wannan tsakanin, ki kuma faɗa wa likitan idan kin ga ya fara janyewa daga mutane ko ya fara kwana a farke. Ki saya masa akwatin ƙwayoyi mai gida bakwai, ya riƙa cikawa ranar da ya zaɓa a kowane mako, ya sa ƙararrawa a wayarsa, sannan ya ware ƙwayoyin kwana uku a cikin kwalinsu na asali ya bar su a jakar da yake tafiya da ita, tare da 'yar takarda mai sunan maganin da awonsa da lambar asibitin da ke duba shi.